Maigida na jiran fiɗa, yaro na tsaron injin niƙa

Assalamu alaikum Anti. Daga Kano nake rubuto miki, kaina ya kulle. Maigidana shekararsa 58, sana'arsa injin niƙa da markaɗe a ƙofar gida. Yana da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan taba. Wata uku da suka wuce ya je hoton ciki saboda matsalar fitsari, sai aka ga babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura. Aka sake wani hoton, aka ce faɗinta santimita 5.8, wai sai an yi fiɗa. Shi kuwa ba ya jin ciwon komai, sai dai in ya kwanta rigingine yakan ji abu na bugawa wajen cibiya. Hajiyarsa ta ce ba za a yanka mata ɗa yana tafiya da ƙafafunsa ba. Ƙanensa ya ce a sayar da fili a tafi Masar ko Indiya. Likita ya hana shi ɗaga buhu, don haka yaron nan, ɗan farinmu mai shekara 11, shi ke tsaron inji in ya taso daga makaranta, don mu tara kuɗin aikin. Makon jiya bel ya fizgi hannun rigarsa ya yage, ya ɗan ƙuje shi, Allah ya tsare. Ƙanwarsa mai shekara 4 ma can take wasanta. In na hana, ina za mu samu kuɗi? In na yi magana a ce na cika baki. Don Allah, fiɗar nan dole ce?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce. Sau biyu na karanta wasiƙarki. A kan fiɗa kika rufe ta, amma ni da hannun rigar nan da ya yage zan fara, domin jijiyar maigida tana iya ba ku 'yan makonni ku shirya, inji kuwa ko ƙiftawar ido ba ya bayarwa.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma cikin abubuwan da har yau suke dawo mini in na rufe ido akwai hannun wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba. An aike ta markaɗen kayan miya da la'asar. Mai injin ya juya yana ba wani canji, tattasai ya maƙale a mazubi, ita kuma ta saba ganin yadda manya ke yi, sai ta sa yatsu ta tura. An kawo ta hannu naɗe cikin ɗankwalin uwarta, an riga an barbaɗa masa gishiri da toka a hanya. Babanta na riƙe da kofin silba cike da ruwa, yatsu biyu a ciki, yana miƙa wa likita yana cewa, "Ranka ya daɗe, a mayar mata." Likitan ya leƙa kofin ya yi shiru. Abin da ya rage a daren nan shi ne wanke ciwon da fafutukar ceto babban yatsa. An cece shi, alhamdu lillahi, kuma da shi ta koyi riƙe biro daga baya. Sauran biyun sun tafi.

Mutane suna jin labarin cewa ana ɗinke yatsan da ya guntule, kuma gaskiya ne. Tun 1965 likitoci a Japan suka mayar wa wani ma'aikaci babban yatsansa, suka haɗa jijiyoyin jini da ba su fi zare kauri ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai dai irin wannan aikin yana yiwuwa ne in abu mai kaifi ya datse yatsan fes. Injin niƙa dagargazawa yake yi. A ƙasan mazubin akwai ƙarfe mai murɗi da ke jan hatsi zuwa tsakanin faranti biyu masu haƙora, abin da ya kama ciki yake ja, yatsa ya ja tafin hannu, tafin hannu ya ja tsintsiyar hannu. A hannu ɗaya akwai ƙasusuwa 27, ga jijiyoyin motsi, ga na ji, ga na jini, duk a cushe a ɗan wuri kaɗan. In inji ya gama da su, kowace ta tsinke a wurinta daban, an dama naman da gari da barkono da man inji, sau da yawa likita ba ya samun abin da zai ɗinke. Ƙashin yaro kuma yana da wurin tsiro kusa da kowace gaɓa. In nan ya lalace, ko ciwon ya warke yatsan yana iya daina girma ko ya karkace.

Bel ɗin da ya kama rigarsa shi ne baki na biyu na injin, kuma ya fi na farko yaudara tunda ba ya kama da abin tsoro. Hannun riga, gefen zani, lilon hijabi, igiyar wando, duk abincinsa ne. Abin da ya ceci ɗanki makon jiya shi ne yadin ya yage. Da sabon yadi ne mai ƙwari, da wata wasiƙar kika rubuto mini.

Saboda haka daga yau yaron nan ya bar bakin inji. (Na lura ko sunansa ba ki ambata ba, alkunyar ɗan fari. Ki yi alkunyar suna, ba laifi, amma a kan hannunsa ki buɗe baki.) Na san abin da za a ce miki: ai yaro ne mai hankali, ai ya iya, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ɗan shekara 11 da ya wuni a makaranta, ya zo da yunwa da gajiya, abokansa na buga ƙwallo a gabansa, hankalinsa ba zai zauna kan inji awa uku ba ko shi wane ne. Manya ma da suka shekara ashirin a sana'ar, ki ƙirga yatsun wasunsu ki gani.

Ga lissafin da nake so ki yi wa maigida. Ko gobe aka yi masa aikin, sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin ƙarfinsa ya dawo, kafin a bar shi ya ɗaga abu mai nauyi. Ki haɗa da lokacin neman kuɗi, yaron zai yi kusan rabin shekara a gaban bel ke nan. Dole dai a nemo babba, to a nemo shi yanzu. Ko a ɗauki baligi a riƙa raba ciniki da shi kullum, ko a ba da injin haya a karɓi kuɗi duk mako. Maigida ya sa kujera a gefe ya riƙa karɓar kuɗi yana sa ido, wannan ba ɗaga buhu ba ne. Abin da zai shigo zai ragu, na sani. Amma ribar da yaro ke tarawa a markaɗen naira ɗari biyu da ɗari uku ba ita za ta biya kuɗin fiɗar jijiya ba, kuma jinyar hannun da inji ya ci, da tiyata biyu ko uku da ake yi masa, tana iya cinye duk abin da kuka tara. In kina so yaron ya ji yana taimakon babansa, ki ba shi littafi ya riƙa rubuta ciniki, ko ya riƙa jera robobin masu markaɗe a waje.

A kira mai walda ya yi wa bel ɗin keji na raga, ya rufe shi ruf daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ƙara wa mazubin tsawo, ko ya gitta ƙarafa a bakinsa yadda hatsi zai wuce amma hannu ba zai kai ƙasa ba. A rataye muciya da igiya a jikin injin, da ita kaɗai ake tura abin da ya maƙale, kuma a kashe injin kafin a gyara komai. Makunnin ya kasance inda hannu zai kai nan take, kowa a gidan ya san shi. A ƙofar shagon a gitta benci ko katako, yaran da ake aikowa su tsaya daga waje su miƙo roba. 'Yar autarki kuwa ba ta da abin yi a wurin ko kaɗan. A shekarunta ma ƙyauren ƙarfe ya ishe ki tsaro, don ƙananan yara a ƙofa suka fi datse kan yatsa, musamman ta gefen da ƙyauren ke manne da bango, inda babba ba ya dubawa in zai rufe. Ki haɗa da sarkar babur, fanka maras murfi, janareta, keken ɗinki, turmi in ana daka, da wuƙaƙen layya da ake bari a tsakar gida ranar Babbar Sallah.

Allah ya kiyaye, amma tunda injin yana ƙofar gidanku kuma 'ya'yan mutane na zuwa, ki san abin yi. A fara kashe inji, kada a fizgo hannun yana juyawa. In ya maƙale a kwance mazubin, ko da za a tafi asibiti da shi a hannun. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a ci gaba da dannawa ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba. Kada a zuba toka, gishiri, ƙasa, man birki ko fetur. Kada a ɗaure yatsa da roba ko zare, yana kashe abin da ya rage. In akwai zobe ko awarwaro a cire kafin hannun ya kumbura. In wani yanki ya guntule, a ɗauraye shi a hankali da ruwa mai tsabta, a naɗe a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Naman kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi a ruwa kamar yadda baban yarinyar nan ya yi. Yatsa in an sanyaya shi haka yana iya jure awoyi masu yawa, hannu sukutum mai tsoka ba ya jurewa kamarsa, don haka gudu ake yi. Kada a ba yaron abinci ko abin sha, domin in za a sa masa maganin barci ana son cikinsa babu komai. A wuce babban asibiti inda ake da likitocin ƙashi da na gyaran fata, irin Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma tuna musu allurar tetanas. Wurin maɗori kuma, da dukkan girmamawa, kada a kai hannun yaro da ya kumbura. Na ga hannun da karaya ce kawai a cikinsa, aka ɗaure shi tamau da karare, jini ya daina zuwa, bayan kwana huɗu ya yi baƙi.

To, mu koma kan maigida.

Jijiyar da ake magana ita likitoci ke kira awota, uwar jijiyoyin jiki. Daga zuciya ta fito, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangaro ta gaban ƙashin baya, ta ba hanji da ƙoda rassansu, sannan daidai wajen cibiya ta rabu biyu zuwa ƙafafu. A cikin babban mutum faɗinta kimanin santimita 2 ne. In ta kai 3 an ce ta kumbura. Shekaru da hawan jini, da taba fiye da komai, su ke cinye ƙwarin bangonta, sai ya riƙa buɗewa kamar tiyon ban ruwa da ya yi ƙulli a wuri ɗaya. Kin san balan-balan: farkon hurawa da wuya, in ya girma kuwa iska kaɗan ke ƙara shi, fatarsa na ƙara sirancewa. Haka jijiyar take, iya faɗinta iya jan da bangonta ke sha. Shi ya sa likitoci suka sa iyaka. In kumburin bai kai santimita 5.5 ba a namiji, ko 5 a mace, yawanci sa ido ake yi da hoto lokaci zuwa lokaci. In ya kai, ko yana ƙaruwa da santimita guda a shekara, ko ya fara ciwo, haɗarin barinsa ya fi haɗarin aiki. Na maigidanki 5.8 ne. Amsar tambayarki ke nan: in dai likitocin sun auna zuciyarsa da huhunsa da ƙodarsa sun ga zai iya ɗauka, eh, a yi. Babu ƙwaya ko jiƙo ko tsaga ko ƙaho da ke mayar da jijiyar da ta buɗe.

Maganar Hajiya ina jin ta har cikin raina. Uwa ce, tana ganin ɗanta yana cin tuwo yana zuwa masallaci, an ce za a buɗe masa ciki. Sai dai wannan ciwon halinsa ke nan, shiru yake yi har ranar da zai fashe, kuma tafiya da ƙafafun da take gani ita ce ribar da kuke da ita. A manyan cibiyoyin Turai da Amurka, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin buɗe ciki a tsanake, 95 ko fiye suna tsallakewa. In kuwa jijiyar ta fashe, kusan 8 cikin 10 ba sa rayuwa, da yawansu ko asibiti ba a kaiwa da su. Masanin kimiyyar nan Albert Einstein wannan ciwon ne ajalinsa. A 1948, lokacin ba a iya canja jijiyar ba tukuna, likita ya naɗe masa ita da wata irin leda don ta ƙara ƙwari. Ta riƙe shi shekara shida da 'yan watanni, a watan Afrilun 1955 ta fashe, ya ƙi a sake yi masa aiki, ya rasu cikin 'yan kwanaki yana da shekara 76.

Kada ke ki ja da Hajiya, ba hurumin suruka ba ne, kuma in wani abu ya faru a kanki zai ƙare. A nemi wanda take jin maganarsa, yayanta ko limamin unguwa, a tafi da su wurin likita a nuna mata hoton da idonta, a sa mata tsinken awo ta ga santimita 2 ta ga kusan 6. Malam ya tuna mata cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Addu'arta da rubutunta su ci gaba, ana buƙatarsu. Sannan kada a manta, mai jijiyar shi ke da ta cewa. A duk wasiƙarki na ji ra'ayin uwa da na ƙane, ban ji nasa ba. Ki tambaye shi ku biyu, da dare, me yake tsoro.

Aikin iri biyu ne. Na farko a buɗe ciki, a matse jijiyar sama da ƙasan kumburin, a tsaga ta, a ɗinka bututun yadi na musamman a ciki, a rufe bangon a kansa. Tsohon aiki ne da aka sani sarai. Wani likita a Faris mai suna Charles Dubost ya fara cire irin wannan kumburin a 1951, shi kuma Michael DeBakey na Amurka a kan keken ɗinkin matarsa ya ɗinka bututun yadin Dacron na farko, irin yadin da har yau ake amfani da shi. Aiki ne babba: kwana ɗaya ko biyu a sashen kulawa ta musamman, mako guda zuwa kwana goma a asibiti, amma in ya warke yawanci an gama ke nan. Na biyu ba a buɗe ciki. Ta jijiyar gindin cinya ake zura bututu mai ragar ƙarfe a naɗe, ana kallo a na'urar hoto, in ya kai wurin a buɗe shi kamar lema, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Za ki ji likitoci na ce masa EVAR, wani likita ɗan Ajantina, Juan Parodi, ya yaɗa shi daga 1990. Kwana biyu ko uku an sallami mutum, kuma haɗarinsa na farko ya fi ƙanƙanta. Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole ƙirar jijiyar ta dace, musamman ɗan wuyan da ke ƙasan rassan ƙoda. Bututun yana da tsada. Sannan har ƙarshen rayuwa sai an riƙa komawa hoto, domin jini yakan zurara ta gefen bututun, kumburin ya ci gaba da girma a ɓoye, wani lokaci a sake aiki. Ga mutum ɗan 58 da ke zaune inda kowane hoto kuɗi ne, ni a ganina kada ƙanƙantar yanka ta ruɗe ku. In jikinsa zai ɗauki na buɗewa, ku saurari likitan da ya ba da shawararsa da kunnen basira.

Masar ko Indiya kuwa, ban ce kar a je ba, ban kuma ce a je ba tukuna. Kafin a taɓa fili a ga likitan fiɗar jijiyoyin jini, ko na zuciya da ƙirji, a asibitin koyarwa. A tafi da ainihin hoton CT na cikinsa, wato hoton na'ura da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, a faifai, takardar bayani kaɗai ba ta isa ba. A yi masa tambayoyi ba kunya, haƙƙinku ne: irin wannan aikin nawa kuka yi bara? Akwai gado a sashen kulawa ta musamman ranar? Bututun yana nan ko sai an yi odarsa? Leda nawa ta jini za mu tanada? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da magani da kwanakin da za a iya ƙarawa? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan, in kuma aikin ya fi ƙarfin wurinsu zai faɗa muku inda za ku, ko Abuja ko Legas ko waje. In waje ne, asibitin da kansa ya ga hoton ya aiko da farashi a rubuce, a yi hattara da 'yan kamasho masu cewa a fara turo kuɗi. A kuma san wanda zai ci gaba da duba shi in ya dawo. Akwai tambaya ɗaya da maza ba sa iya yi a gaban ƙanne: aikin buɗe ciki yakan taɓa jijiyoyin da suka shafi mu'amalar aure. Ki ba shi wuri ya yi ta shi da likita su biyu.

Wata uku sun riga sun wuce, kada a ƙara wasu ukun ana shawara. Kafin ranar aikin, taba ta ƙare yau, ba ragewa ba, domin tana hanzarta girman kumburin kuma tana hana huhu tashi bayan tiyata. Maganin hawan jini kullum, ko ya ji garau, a sayi na'urar awo a gida a riƙa rubutawa. Ba buhu, ba jarkar ruwa, ba tura mota, ba tayar da inji da hannu. Ya riƙa cin ganye da shan ruwa don kada ya riƙa yunƙuri a bayi. Tafiya a hankali kuwa tana da kyau, kada ku kwantar da shi kamar gawa. Ga wani abu da mutane ƙalilan suka sani: maganin da ake yawan bayarwa a kemis in an ce taifot ko ciwon fitsari, wanda za ki ga an rubuta ciprofloxacin ko levofloxacin a kwalinsa, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa yana ƙara haɗarin fashewar wannan jijiyar ga masu kumburi. Tunda da matsalar fitsari aka fara, ki duba ledar magungunansa yau. Duk wanda zai rubuta masa magani a fara gaya masa akwai kumburin awota.

In ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ciki, ko a baya, ko a kwiɓi yana sauka mara, ko ya yi gumi mai sanyi, ko jiri ya kwashe shi, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, ba olsa ba ce, ba a jiran asuba, ba a tsayawa kemis. A kwantar da shi a mota, kada a ba shi komai ta baki, a wuce sashen gaggawa na asibitin koyarwa, kalmar farko a bakinki ita ce jijiyarsa ta kumbura santimita 5.8. Takardunsa su zauna a leda ɗaya kusa da ƙofa, lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita tana wayarki, kin kuma gaya masa tun yanzu cewa kina iya bugowa da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuma ƙanen mai maganar Masar, da sauran 'yan'uwansa da suka manyanta, musamman masu shan taba, su je a ɗora musu na'urar hoton ciki, don ciwon yana bin jini. A Ingila duk namijin da ya kai 65 ana gayyatarsa wannan hoton, na 'yan mintoci ne.

Kuɗi kuma nauyin dangi ne. A zauna da 'yan'uwansa da takardar farashi a gabansu, kowa ya faɗi abin da zai iya da ranar da zai kawo. A je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, a kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi, a yi wa masallacin unguwa da abokan sana'arsa magana. Samarin dangi su je a gwada jininsu tun yanzu, kowace leda da suka bayar kuɗi ne aka rage. In an zo ga sayar da fili, a sayar, don wannan ranar aka ajiye shi.

Rigar nan da ta yage, kada ki ɗinke ta tukuna, kada ki mayar da ita tsumma. Yau da dare in yara sun yi barci ki ɗauko ta ki shimfiɗa a gaban maigida, ki nuna masa daga inda bel ya kama zuwa inda yadin ya ƙare, ya auna da yatsunsa tazarar da ta rage a kai fata. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Gobe da safe shi da kansa zai aika a kira mai walda.